Abin Da Ke Lalata Mai A Hannun Mata, Kamfanoni Sun Ɗaure Shi Yana Yi Musu Aiki

Duk macen da ta taɓa daka gero ta ajiye garin kwana huɗu ko biyar a lokacin bazara ta san abin da ke biyo baya. Gari zai fara wani irin wari, idan aka tuƙa tuwo ko aka dama kunu sai a ji ɗaci-ɗaci a baki, mai saye kuwa da ta ɗiba ta shinshina sai ta mayar ta wuce gaba. Haka abin yake ga mai sayar da manja da jarkarta ta daɗe a shago har man ya fara maƙaƙi a wuya, da kuma mai man kaɗanya da dillali ya taya wa rabin kuɗi saboda wai man nata ya yi tsami.

A ƙasar Arewa ta jihar Doso, wato daga Matankari da Dogon Dutsi zuwa Kore Mairuwa, Tibiri da Geceme, harkar mai harka ce ta mata. Tun bayan da farin 1973 da kuma cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin da kamfanin SONARA ke yi zuwa Turai, kaso mai yawa na gyaɗar da ake nomawa a yankin, wadda mutanen nan ke kira gujiya, a hannun mata yake ƙarewa. Su ne ke soyawa, su kai inji, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, su ɗauka zuwa kasuwa. Da ribar ake zubin adashi, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya. Saboda haka jarka ɗaya da ta lalace ba ƙaramar asara ba ce a gidan da ya dogara da ita.

Abin da da yawa daga cikin masu wannan sana'a ba su sani ba shi ne, wannan ɓarna tana da mai yin ta, kuma masana sun san shi da suna. Masu Faransanci suna ce masa lifaz, masu Ingilishi kuma laifes. Abin mamakin shi ne, wannan abu da ke cinye ribar mata a kasuwanninmu, manyan kamfanonin mai a Turai, Amurka da Asiya da tsada suke sayensa, kuma sun gano dabarar ɗaure shi wuri guda domin ya yi musu aiki wata da watanni. Wannan dabara tana da hannu a irin botar da ake sayarwa a shaguna, da man shafawa, da kuma makomar farashin kaɗanya.

Mene ne lifaz?

A jikin duk wani abu mai rai akwai wasu sinadarai da ake kira inzayim, waɗanda aikinsu shi ne hanzarta sauya wani abu zuwa wani ba tare da su kansu sun ƙare ba. Kowanne da fanninsa. Wani sitaci yake narkarwa, wani nama, shi kuwa lifaz mai da kitse ne abin aikinsa. Yana cikin hanjin ɗan Adam, inda yake narkar da man da muka ci tare da taimakon ruwan matsarmama. Yana cikin ƙwayar gero, da dusar shinkafa, da 'ya'yan kwakwar manja, da ƙwallon kaɗanya. Funfuna ma da ke kama hatsi mai laima tana fitar da nata.

Domin mai karatu ya gane aikinsa, sai ya ɗauki kowane ɗan ƙanƙanin ɓangare na mai tamkar cokali mai yatsu uku. Mariƙin cokalin shi ne gilisarin, irin wanda mata suka sani a kayan shafa, yatsun uku kuma su ne asid na mai. Muddin yatsun suna manne da mariƙi, mai yana nan da daɗinsa. Lifaz kamar almakashi yake. Da zarar ya samu laima da ɗan ɗumi sai ya shiga datse yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗannan yatsu da suka rabu da mariƙi su ne abin da masu sayen mai na kamfanoni ke aunawa su kira tsamin mai. Su ne kuma ke saurin haɗuwa da iska su haifar da wari da ɗaci.

A cikin ƙwayar da ba a fasa ba, mai yana gefe guda, lifaz yana gefe guda. Daka ko niƙa ne ke haɗa su. Wannan ne dalilin da ya sa gero zai shekara a rumbu lafiya lau, amma garinsa ba ya kai mako. Ruwan da ake yayyafawa wajen surfe kuma yana ƙara wa almakashin kaifi.

Dabarar turke

Masana sun daɗe da sanin cewa wannan almakashi yana iya yin akasin aikinsa. Idan aka rage ruwa ƙwarai, maimakon ya datse sai ya koma ɗinki: ya cire yatsa daga nan ya manna a can, ko ya haɗa asid na mai da wani sinadari a samu sabon abu. A 1984 wasu masana biyu a jami'ar MIT ta Amurka, Aleksey Zaks da Alexander Klibanov, sun nuna cewa busasshen lifaz yana aiki ko da a zafin digiri 100, wato zafin tafasar ruwa, matuƙar babu ruwa sosai a tare da shi.

Sai dai akwai matsala. Lifaz yana da tsada, kuma idan aka zuba garinsa ko ruwansa a cikin tankin mai, to ya tafi ke nan, kamar gishiri a miya, ba a iya tsamo shi a sake amfani da shi. Maganin da aka samo shi ne irin na makiyayi: a ɗaure shi a turke. Ana samun wasu ƙananan ƙwayoyi masu huji-huji, na wani irin yashi da ake kira silika ko na roba, waɗanda ba su kai ƙwayar gero girma ba, a manna lifaz a jikinsu. Daga nan sai a cika dogayen tankuna da ƙwayoyin, a riƙa tura mai mai ɗumi yana ratsawa ta cikinsu kamar yadda ruwa ke ratsa rariya. Mai ya fita ta ɗaya gefen ya sauya, lifaz kuwa yana nan a turkensa yana jiran na baya. Ta haka kilo ɗaya na ƙwayoyin kan yi aikin fiye da tan guda na mai kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ɗaurin yana kuma ƙara masa jure zafi.

Wannan dabara ba jiya aka fara ta ba. A 1916 wasu masana a jami'ar Columbia da ke birnin New York, Nelson da Griffin, sun gano cewa wani inzayim mai sauya sukari yana ci gaba da aiki bayan ya manne a jikin gawayi. A 1969 kamfanin Tanabe na Japan ya zama na farko da ya yi amfani da ɗaurarren inzayim a masana'anta. A fannin lifaz kuwa, wanda ya fi shahara shi ne Novozym 435 na kamfanin Novozymes na ƙasar Denmark, wanda ya haɗe da wani kamfani a 2024 suka koma Novonesis. Asalin wannan lifaz daga wani irin yis ne da masu bincike na Japan suka samo a tafkin Vanda da ke Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu inda ƙanƙara ba ta yankewa.

Me ya sa ake cewa ya fi tsabta?

Duk macen da ke haɗa sabulu da soda ta san haɗarin aiki da sinadari mai ƙarfi: ya ƙona hannu, ya ci tufafi, ruwan wankin kwanon ma sai an nemi inda za a zubar da shi nesa da yara da kaji. Masana'antun mai sun daɗe suna fama da irin wannan, sai dai nasu ya fi girma nesa ba kusa ba. Idan za a raba mai da gilisarin ta tsohuwar hanya, sai an kai zafi wajen digiri 250 a cikin tukunyar ƙarfe mai matsananciyar matsa. Idan za a sauya tsarin mai domin ya yi kauri, ana zuba wani sinadari mai iya kamawa da wuta in ya taɓa laima, bayan an gama kuma sai an wanke man, an tace shi da wata ƙasa ta musamman, a zubar da gurɓataccen ruwa tare da wani kaso na man.

Ɗaurarren lifaz kuwa a zafin digiri 60 zuwa 70 yake aiki, zafin da bai kai na ruwan shayi ba. Ba ya buƙatar soda, ba ya ƙona launin mai, kuma abin da ake so kaɗai yake taɓawa. A 2008 an buga wani bincike a kan yadda kamfanin Evonik na Jamus ke haɗa ɗaya daga cikin sinadaran da ake sa wa man shafawa domin ya yi santsi, inda aka nuna cewa hanyar lifaz ta rage makamashin da ake ƙonawa da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Wannan ne ya sa ake sa dabarar a sahun abin da masana ke kira haɗa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba.

Bota da lafiyar zuciya

Wuri na farko da wannan magana ta shafi 'yan kasuwa shi ne bota da kitsen da masu burodi, biskit da cincin ke amfani da shi. Shekaru da dama hanyar da ake bi a daskarar da ruwan mai ita ce a tura masa iskar haidurojin, kuma wannan hanya tana haifar da wani kitse da ake kira tarans, wanda likitoci suka tabbatar yana toshe jijiyoyin zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da yaƙin kawar da shi, inda ta ƙiyasta a lokacin cewa yana da hannu a mutuwar sama da mutum 500,000 duk shekara. A 2023 Nijeriya, wadda kayanta ke cika kasuwannin Arewa ta iyakar Kabi da Sakkwato, ta fitar da ƙa'ida ta hannun hukumar NAFDAC cewa kada wannan kitse ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da kamfanoni suka koma ita ce ta lifaz. Ana haɗa mai mai kauri da mai ruwa-ruwa a ratsa da su ta cikin ƙwayoyin, lifaz ya yi musu musayar yatsu, a samu kitse mai laushi da ke shafuwa a burodi ba tare da an haifar da tarans ba. Kamfanin ADM ya fara wannan aiki a garin Quincy na jihar Illinois ta Amurka a 2002, kuma a 2005 shi da Novozymes suka samu lambar yabo ta shugaban ƙasar Amurka a kan haka.

Kaɗanya da cakulan

Wuri na biyu, wanda ya fi taɓa aljihun mata kai tsaye, shi ne kaɗanya. A nan jihar Doso itacen ya fi yawa a kudu, wajajen Gaya da Falmai, sannan ga jihohin Kabi da Neja a Nijeriya, kuma daga can ne man ke isowa kasuwannin Dogon Dutsi. Mafi yawan kaɗanyar da ake fitarwa daga Afirka ta Yamma cikin cakulan da sauran kayan zaƙi take ƙarewa, man shafawa kaso kaɗan yake ɗauka. Dalili kuwa shi ne tsarin yatsun man koko: na gefe biyu masu tauri ne, na tsakiya mai laushi, shi ya sa cakulan ke tsayawa da ƙarfi a hannu amma ya narke a baki. Ɓangaren man kaɗanya da ke daskarewa yana da irin wannan tsari, don haka yake iya maye gurbin wani kaso na man koko.

To, akwai wani irin lifaz da ba ya taɓa yatsan tsakiya, na gefe biyu kaɗai yake sauyawa. Tun a shekarun 1980 kamfanoni irin su Fuji Oil na Japan suka fara amfani da shi suna mayar da mai mai araha ya koma kamar man koko. Ma'ana, kaɗanyar matan Afirka tana da kishiya a cikin tankin masana'anta.

Abin da ya kare kasuwar kaɗanya a Turai doka ce. A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sa man da ba na koko ba a cikin cakulan har kashi 5 cikin ɗari, amma ta taƙaita shi ga mayuka shida na ƙasashe masu zafi, ciki har da kaɗanya, manja da man ƙwallon mangwaro, ta kuma hana amfani da wanda aka sauya wa tsari da inzayim. Dokar ta fara aiki a 2003. Sai dai wannan kariya a kan abin da ake kira cakulan a Turai kawai ta tsaya. A wasu ƙasashen, da kuma sauran kayan zaƙi, kishiyar tana da damar shiga.

Lokacin da farashin koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024, kamfanoni sun yi rububin neman kaɗanya. A wannan shekarar Burkina Faso da Mali suka dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon, a watan Agustan 2025 kuma Nijeriya ta sanar da nata dakatarwar ta wata shida, duk da nufin a riƙa sarrafa man a gida. Idan sarrafawa a gida ake so, to maganar inganci ta dawo kan mai tsintowa da mai dafawa. Kamfani sai ya cire duk tsamin da ke cikin mai kafin ya yi amfani da shi, kuma duk abin da ya cire asara ce da yake zaftarewa daga kuɗin da zai biya. Ma'aunin da hukumar Codex ta amince da shi a 2017 na man kaɗanyar da ba a tace ba ya ce mai daraja ta farko kada tsaminsa ya wuce kashi 1 cikin ɗari, mai bi masa kuma kada ya wuce kashi 3. A cinikin manja na duniya ma iyakar da aka saba ita ce kashi 5.

Gwanda da ƙaiƙayi

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ilimi sai a ƙasar ƙanƙara ake samun kayan aikinsa. Farin ruwan da ke fita idan aka tsaga ɗanyar gwanda, wanda ke sa nama ya yi laushi, yana ɗauke da lifaz da ke manne a jikin ƙaron tun daga halitta, wato ya zo da turkensa. Masu bincike na cibiyar CIRAD da ke Montpellier a Faransa sun yi aiki a kansa tun shekarun 1990. Haka kuma a ƙasashe daban-daban an gwada ɗaure lifaz a jikin gawayi, yumɓu da silikar da ake samu daga tokar ƙaiƙayin shinkafa, domin a rage tsadar ƙwayoyin roba. Mafi yawan wannan aiki a ɗakin gwaji ya tsaya, amma kayan da ake magana a kansu su ne waɗanda ake zubarwa a bayan injinan casar shinkafa na Gaya da Argungu.

Akwai kuma maganar tsohon man tuya da masu ƙosai, wainar fulawa da kifi ke maimaitawa har ya yi baƙi, wanda ci gaba da cinsa ke da illa ga lafiya. Ana iya mayar da irin wannan mai ya zama man injin gas. Ta hanyar soda, tsamin da ke cikinsa yakan sa ya koma sabulu aiki ya ɓaci, amma lifaz yana juya har da tsamin, kuma an yi masana'antun da suka bi wannan hanya a ƙasar Sin.

Duk da haka dabarar tana da nata cikas. Ƙwayoyin suna da tsada, aikinsu ya fi na soda jinkiri, kuma mai mai datti ko wanda ya riga ya yi wari yana saurin kashe lifaz ɗin da ke jikinsu. Wannan ma wani dalili ne da ke sa kamfanoni tsananta awo wajen saye.

Abin da ke hannun mai sana'a

Mace a Tibiri ko Dogon Dutsi ba ta da tankin silika, amma makaman da ke karya lifaz guda biyu duk suna hannunta, wato wuta da rana. Iyayenmu ma da su suka yi aiki tun kafin a san sunansa. Suyar da ake yi wa gyaɗa kafin a niƙa tana kashe lifaz ɗin da ke cikinta, tuyar ƙuli-ƙuli a cikin man kuma tana korar sauran ruwan da ya rage. Inda matsala ke shigowa shi ne gyaɗar da ta yi funfuna a buhu, wadda ban da ƙara tsami tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Irin wannan a tsince ta a zubar tun kafin suya, komai arahar da aka same ta.

Bayan an matse mai, a bar shi ya kwanta a tsiyaye a raba shi da gurɓin ƙasa. Jarka ko kwalbar da za a zuba ta bushe sarai, a cika ta har wuya, a rufe, kuma kada a zuba sabo a kan ragowar tsoho. Jera kwalaben mai a tsakiyar rana domin jan hankalin mai saye ma yana da nasa lahani, domin haske da zafi suna tsufar da mai ko babu lifaz. Gara a fitar da kwalba ɗaya ko biyu, sauran su zauna a inuwa.

Mai kaɗanya kuwa kada ta bar ƙwallon a tsibi yana gumi har ya fara tsiro. Ta tafasa shi cikin 'yan kwanakin da ta tsinto, ta shanya a kan tabarma ko tamfol har sai ya yi ƙara in an girgiza, sannan ta ajiye a buhun algarara a kan katako, ba a ƙasa ba. Mai garin gero ta niƙa daidai abin da za ta sayar cikin kwana biyu ko uku, ta kuma shanya garin ya bushe kafin ta ɗaure a leda. Bincike ya nuna cewa ɗan turara gero ko ɗan gasa shi kafin niƙa yana ƙara wa garin kwana. Man da ya riga ya yi tsami kuma kada a gauraya shi da mai kyau a sayar wa jama'a, kasuwarsa tana wajen masu sabulu, domin tsamin ba ya hana sabulu kyau.

Saura kuma ya rage ga hukumomi da ƙungiyoyi. Awon tsamin mai ba ya buƙatar babban inji, da 'yan kwalabe da sinadari kaɗan ake yinsa, kuma wadda aka koya wa za ta iya. Idan ƙungiyoyin mata masu mai a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri suka samu wannan horo daga ma'aikatan gona ko malaman jami'o'in Yamai da Doso, to ranar da dillali zai ce mai ya yi tsami, suna da lambar da za su nuna masa kafin a yi ciniki.